Baba ya ga zanen kare a ɗakina, ya ba ni zuwa Juma'a

Anti, salamu alaikum. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, haifaffen Nima, nan birnin Ankara na ƙasar Gana. Na koyi rubutun allo da fenti a wajen mastana, irin na shaguna da wuraren aski da bayan trotro, wato ƙananan motocin haya na Gana. Bara wani Bature da ke zaune a unguwar Cantonments ya ga wani zaki da na zana a bangon shago, ya ce in zana masa kyanwarsa da fentin mai. Na zana, ta yi masa, ya nuna wa abokansa. Daga nan aiki ya fara shigo mini ta Instagram, kyanwoyi da karnuka, daga East Legon da Osu da Labone. Zane ɗaya ya fi mini wata guda na rubutun allo. Da shi nake biyan kuɗin makarantar ƙanwata, da shi nake sayen maganin hawan jinin Mma. Amma a gida ce musu na yi allunan kamfani nake rubutawa.

Makon jiya Baba ya shiga ɗakina neman tabarma, ya tarar da zanen wani baƙin kare a bayan ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe abin da muke ci ke nan? Kafin Juma'a, ko abin nan ya bar mini gida, ko ku bar shi tare." Tun ranar da ƙyar yake amsa gaisuwata. Karen na wata tsohuwa ne a Labone, ya mutu bayan shekara 13 suna tare. Ta turo mini rabin kuɗi ta momo, wato ta waya, na riga na kashe. Ga shi zanen ya ƙi bushewa, kusan mako biyu yana danƙo, ƙura duk ta manne masa. Abokina ya ce in kama ɗaki a unguwar Madina in ci gaba a ɓoye, in ce wa Baba na daina. Ina son aikin nan har raina, kuma ba na son fushin Baba. Ya zan yi?

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarar abokinka ita zan fara kawarwa gefe. Kai ma ka san yadda haya take a garin nan: dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida gaba, amma wanda za ka samu sai ya nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, kai kuwa bashin rabin kuɗin wata baiwar Allah ne a kanka. Ko da kana da kuɗin ma, ɗakin Madina ƙarya ce ta biyu a kan ta farko. Kuma Madina cike take da mutanenmu. Ba za a yi wata biyu ba wata mai kai kaya kasuwa ko wani ɗan okada zai ce wa Mma ya gan ka kana fitowa daga wani gida da allo a hammata. Ranar da wannan labari ya isa kunnen Baba, ba zancen kare za a yi ba kuma.

Ka sake sauraron abin da ya faɗa. Bai ce ka zubar masa da mutunci a unguwa ba, bai ce ka zama yaron Turawa ba. "Abin da muke ci" ya ce. Dattijo ne da ke kula da abin da yake sa wa a bakinsa, sai ya wayi gari ya gane shekara guda yana cin abinci, matarsa tana shan magani, 'yarsa tana zuwa makaranta, duk da kuɗin da bai san asalinsa ba. Da ka gaya masa tun kyanwar farko, da ya sami damar ya ce na yarda, ko ban yarda ba, ko bari in tambaya. Wannan damar ka hana shi, kuma a ganina ita ce ta fi yi masa ciwo. Don haka haƙurin da za ka ba shi na farko, na ƙaryar allunan kamfani ne, tsurarsa, ba tare da ka haɗa shi da wata hujja ba. Kada ka ce, "Ai don in taimaki gida na yi." Ya san da haka. Ka bar shi ya faɗa da bakinsa in ya ga dama.

Ka fara ta wajen Mma. Ita ma ba ta san gaskiya ba, kuma ita ta san lokacin da ake samun kan mijinta. In kana da baffa ko kawu da Baba ke jin nauyinsa, ka roƙe shi ya zauna a wajen. Ka sami Baba bayan Isha, an watse daga masallaci, ka durƙusa, ka faɗi komai: tun yaushe, zane nawa, kuɗin ina suka tafi, har da rabin kuɗin tsohuwar nan. In ya yi shiru ka jure shirun.

Kada kuma ka shiga da tunanin cewa tsufa ne ko rashin wayewa ke damunsa. Abin da ya tsaya a kai yana da tushe mai ƙarfi. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura yana cikin Buhari da Muslim, haka ma gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surori. A cikinsu ne kuma aka kawo labarin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da zanen surori yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ya zama dole ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamai da yawa, musamman na Shafi'iyya da Hambaliyya da Hanafiyya, sun tafi a kan cewa zana mai rai da hannu haramun ne ko a kan takarda ko ƙyalle. Wanda ya taso yana jin wannan, ya shiga ɗakin ɗansa ya ga kare yana kallonsa daga bayan ƙofa, dole gabansa ya faɗi.

Sai dai zancen bai tsaya nan ba, kuma ya kamata ka san sauran, domin a littattafan da ake karantawa a zaurukan Zango yake. Mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, ta bambanta tsakanin gunki da zane. Abin da malamanta suka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, mai inuwa, ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta suka cika. Zane a shimfiɗe, wanda ba shi da inuwa, sun ajiye shi a matsayin makaruhi, abin da barinsa ya fi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda nake kyautata zaton Baba ya biya ta, ta karhanta surori a jikin bango da gadaje da zobe, ta cire zanen jikin tufa daga ciki, duk da ta ce barinsa ya fi kyau. Sun kuma sassauta a kan surar da ba ta cika ba, kamar kai da ƙirji kawai, ko da yake wasu malamai na wasu mazhabobi suna cewa kan shi ne surar gaba ɗaya. Game da kare kansa, a Malikiyya jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, ko da yake an hana ajiye shi a gida sai don gadin dabbobi ko gona ko farauta. Kai ma ba kare ka ajiye ba, fenti ne a kan ƙyalle. Kyanwa kuwa, hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaye da mu a gidajenmu.

Ban jero maka waɗannan don ka je ka kayar da mahaifinka a muhawara ba. In ka buɗe baki ka fara karanto masa Risala a daren da ka je ba da haƙuri, ka ɓata komai. Na faɗa maka ne don ka san tambayarka ta gaske ce, tana da mazauni a ilimi, ta cancanci a kai ta gaban malami. Kuma malamin da za ku je wajensa shi ne wanda Baba ya yarda da shi, na zawiyarsu ne ko na masallacin Ahlus-Sunna, duk inda yake ɗaukar karatu. Ba wanda ka tsinto a TikTok don maganarsa ta yi maka daɗi ba. Kai za ka roƙi Baba ya kai ka. Ka tafi da hotunan aikinka a waya, ka faɗi yadda abin yake ba ragi: da hannu nake zanawa, ana rataye shi a bango don tunawa da dabbar, masu saye yawanci ba Musulmi ba ne, da kuɗin ake sayen magani a gidanmu. Ka tambayi hukuncin sana'ar, ka tambayi na kuɗin da aka riga aka ci, domin wannan ne zai kwantar wa Baba da hankali, ka kuma tambayi hukuncin wannan aikin da ka karɓi rabin kuɗinsa. Sannan ka je da zuciyar da za ta iya ɗaukar amsar da ba ta so.

Maganar Juma'a kuwa ba ta jiran kowace fatawa. Gidansa ne. Ko da duk malaman Ankara sun ce zanen halal ne, yana da ikon ya ce ba a ƙarƙashin rufinsa ba. Ka fitar da shi tun kafin ranar, ka bari ya ga ka fitar. Wurin da ya fi dacewa shi ne shagon mastanka, shi ma bayan ka gaya masa gaskiya, tunda a hannunsa ka koyi riƙe burushi, kuma bai kamata ya ji a bakin wani ba. Wajen ɗauka, tunda fentin ɗanye ne, ka sami falanki ko kwali mai kauri daidai girmansa, ka sa marfin kwalba ɗaya a kowace kusurwa tsakaninsu don kada fuskar zanen ta taɓa komai, ka ɗaure da igiya. Kada ka shiga trotro da shi. In shagon ba nisa, ka taka da ƙafa da sassafe kafin titin Nima ya cika.

Yanzu ga dalilin da ya ƙi bushewa. Fentin mai ba kamar na ruwa ba ne, wanda ruwan ke tashi ya bar launi. Man da ke cikinsa, yawanci man linsid, iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Yana son iska mai yawo, yana son haske, yana son a shafa shi siriri. Kai kuwa ka jingine shi a bayan ƙofa, a ɗaki rufe, cikin duhu, a gari na bakin teku mai laima. Ga kuma launin da ka fi amfani da shi: baƙin da ake sayarwa a bututu, wanda aka rubuta wa Ivory Black, yana cikin masu jinkirin bushewa, in kuma ka labta shi da kauri don gashin ya fito, sai abin ya ninka. Akwai wata ɗabi'a da masu rubutun allo ke zuwa da ita, ta tsinka fenti da kananzir ko fetur. In ka yi haka a nan, ka daina. Kananzir yana barin maiƙo, yana sa fenti ya daɗe yana danƙo. Haka man gyaɗa ko man girki, ba irin man da ke bushewa ba ne, kada ya kusanci zanenka. Tafentin na masu zane ko farin sinadarin tsinka fenti mara wari su ne abin aiki.

A shagon, ka ajiye shi inda iska ke ratsawa da haske, ban da rana kai tsaye, ka karkata fuskarsa ƙasa-ƙasa wajen bango yadda ƙura za ta sauka a bayansa. Ka ba shi mako guda ba ka taɓa ba. Inda ya bushe, ƙurar da ke sama za ta fita da tsumma mai laushi, gashi ko zaren da ya maƙale kuma ka cire da ɗan hantsaki. Inda ka ga ya yi kauri har saman ya fara tattarewa alhali cikin ɗanye ne, kada ka yi jira: kankare shi da wuƙar fenti ka sake. In za ka sake, haɗa baƙinka da kanka, shuɗi mai duhu na Ultramarine da ruwan ƙasa na Burnt Umber. Wannan ruwan ƙasar yana ɗauke da manganis, shi ya sa yake cikin masu saurin bushewa, kuma baƙin da suke bayarwa yana da rai, kana iya karkata shi ya yi ɗumi ko ya yi sanyi. Shafin farko ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama su fi shi mai kaɗan-kaɗan. In aka juya wannan tsari, saman ya riga ƙasan bushewa, bayan 'yan shekaru sai zanen ya tsattsage a bangon mutane. In ka sami Liquin, wani ruwan haɗa fenti na kamfanin Winsor & Newton, ɗigo kaɗan a cikin fenti yana sa siririn shafi ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsummokaran da ka goge mai da su kuma, kada ka dunƙule su a kwana, domin tsumma mai man linsid yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya su a buɗe, ko ka jiƙa su a gwangwanin ruwa.

Tunda za ka sake taɓa shi, ka dubi karen da kyau. Baƙin kare ba baƙi ba ne gaba ɗaya. Inda haske ya sauka a goshi da doron hanci, shuɗi-shuɗi ne ko ruwan toka. Bayan kunne da gefen wuya, inda rana ta daɗe tana duka, yakan yi ja-ja. Baƙi na ainihi ɗan kaɗan ne, a cikin hanci, ƙarƙashin haɓa, da lungun kunne. Ka fara da manyan faci na duhu da haske da babban burushi, kana bin inda gashin ya kwanta, sai a ƙarshe ka ja 'yan silalla da ƙaramin burushi a inda ido zai tsaya. Kare ɗan shekara 13 kuma tsoho ne. Akwai furfura a bakinsa da girarsa, idonsa ya ɗan yi hazo, fatar ƙarƙashin ido ta saki. Kada ka mayar da shi ɗan kwikwiyo don ya yi kyau. Matar nan tsohon ta sani, shi take nema.

Ka kira ta gobe, ba saƙo ba, kira. Ka ce mata aikin zai ƙara makonni, ka faɗi dalilin fentin, ka kuma gaya mata akwai wata magana ta gida da kake warwarewa, in ta kai ga ba za ka iya gamawa ba za ka mayar mata da kuɗinta, ko da kaɗan-kaɗan ne, ka sa rana. Sannan ka roƙe ta ƙarin hotuna, waɗanda aka ɗauka a hasken rana ba da walƙiyar waya ba, domin walƙiya tana sa idon kare da na kyanwa ya yi ƙyalli ya ɓoye launinsa. Ka tambaye ta yadda yake riƙe kunnensa in ya ji motsin ƙofa, da inda ya saba kwanciya. Za ta yi magana mai tsawo, ka saurara.

Na san a majalisar unguwa wasu za su yi dariya su ce an rasa abin yi da kuɗi sai hoton kare. Kada ka taya su. Mace ce da ta tsufa, wataƙila 'ya'yanta suna Ingila ko Amurka, dabbar nan ita ke tarbarta a ƙofa shekara 13. Mu da aka karantar da mu cewa Allah ya gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka kuma azabtar da wata mata saboda ta tsare kyanwa har ta mutu, ba mu ne za mu raina wanda ya ji zafin rabuwa da dabbarsa ba. Ko ka gama zanen ko ka mayar da kuɗin, ka yi mata mu'amalar wadda take cikin rashi.

Abu ɗaya ya rage da nake so ka yi tunani a kansa tun kafin ku je wajen malam. A wasiƙarka ka sa sana'arka gaba ɗaya a kan kyanwa da kare, kamar in an rufe wannan ƙofa shi ke nan. Ba haka ba ne. Hannun da ya iya fito da haske a kan baƙin gashi zai iya fito da shi a kan komai. Ka je Artists Alliance da ke La, gidan zanen da Farfesa Ablade Glover ya kafa, ka tsaya gaban aikinsa, ka ga yadda ya yi suna a duniya da rufin kwanon gidaje da kasuwanni da dazuzzuka, da wuƙar fenti yake labtawa. Ka dubi Moh Awudu, ɗan Nima kamarka, yadda ya fito da unguwar nan a jikin bango. Bikin zane-zanen titi na Chale Wote, da aka fara a Jamestown a 2011, ya nuna cewa akwai masu neman aikin yaran gari. Ga babban masallacin ƙasa a Kanda, da aka buɗe a 2021, kana hango hasumiyoyinsa daga layinku. Ga kwale-kwalen masunta a bakin ruwan Jamestown da launukansu, ga lungunan Nima da yamma lokacin da hayaƙin masu suya ya haɗu da hasken magariba, ga rubutun allo irin namu na makarantar allo, wanda baƙi ke sha'awa ƙwarai. Mutanen da ke ba ka aikin kyanwa su ne dai za su bar Gana wata rana suna son abin tunawa da ita. Ka zana irin waɗannan guda biyu ko uku ka sa a shafinka tun yanzu. In malam ya sassauta, Baba ya yarda ka ci gaba a wajen gida, ka sami sana'a mai ƙafa biyu. In an ce ka bari, kuɗin makarantar ƙanwarka da maganin Mma ba su tsaya a kan abu ɗaya ba. Zanen masallacin Kanda ma kana iya kawo shi gida Baba ya ga abin da Allah ya hore wa ɗansa, domin har yau bai taɓa ganin aikinka a yanayin da zai iya tsayawa ya kalla ba.

In ya kasance ka gama na karen ka kai Labone, ka gaya wa matar kada ta rataye shi a bangon da ke jiƙa da damina, ta bar ɗan sarari tsakaninsa da bango saboda fumfuna, kuma kada ta goge shi da ruwa. Banish, wato ruwan ƙyallin da ke kare zane, ba a shafa wa fentin mai sai ya yi aƙalla wata shida, don haka ka rubuta ranar ka ajiye, ka koma ka shafa mata ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka rubuto mini bayan kun dawo daga wajen malam, in ji yadda kuka yi da Baba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba Mma lafiya.